Ɗura wa Injin Mota Iska: Ƙarfin da Ake Samu da Ɓarnar da Ke Biyo Baya

Gabatarwa

Injin mota ba ya aiki da fetur kaɗai. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone sarai, yana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska. Saboda haka yawan iskar da ke shiga silinda shi ne ke iyakance ƙarfin inji. Yawancin motoci suna zuƙar iska da kansu yayin da fistan ya yi ƙasa, amma akwai na'urar da ake kira sufacaja, wadda ke ɗura wa inji iska da ƙarfi, kamar yadda zugazugi ke hura wutar maƙeri. Hasali ma, wasu 'yan'uwa biyu masu suna Roots da suka yi wa irin wannan na'ura rajista a Amurka a 1860, don hura wutar narka ƙarfe suka ƙera ta. Tambayar ita ce: me ke faruwa idan aka ɗora ta a kan injin da ba a ƙera shi dominta ba?

Lissafin riba

Nauyin iskar da ke kewaye da duniya, a daidai bakin teku, ya kai kimanin awo 1 na ma'aunin da ake kira ba. Idan sufacaja ta ƙara rabin ba, inji mai lita 2 zai haɗiyi iskar da ta yi kusa da ta inji mai lita 3. Da an ƙara fetur daidai gwargwado, sai ƙarfi ya ƙaru. Amma ribar ba ta cika kamar yadda lissafi ya nuna, domin bel ne ke juya na'urar daga jikin injin, don haka tana cin wani kaso na ƙarfin da ta samar.

Inda ɓarna ke farawa

Matsala ta farko ita ce zafi. Duk iskar da aka matse sai ta ɗauki zafi, kamar yadda famfon keke ke ɗumama a hannun mai bugawa. Iska mai zafin digiri 30 tana iya kaiwa kusan digiri 90 bayan ta fito daga sufacaja irin ta Roots. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, abin ya fi haka muni.

Matsala ta biyu ita ce matsi. Injin da ke zuƙar iska da kansa yakan matse haɗin iska da fetur sau 9 zuwa 11 kafin fulogi ya ba da wuta. Idan aka fara da iskar da tuni aka matse ta, ga ta kuma da zafi, sai wani ɓangare na haɗin ya fashe da kansa kafin harshen wutar fulogi ya iso gare shi. Maimakon wuta ta tura fistan sannu a hankali, sai ta doke shi kamar da guduma. Direba yakan ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

Wannan fashewa ita ce babbar mai kashe inji. Tana tsage bakin fistan inda ringi ke zaune, tana ƙona gaskit, tana kuma share siririyar iskar da ke kare saman fistan daga wuta. Alminiyon da ake yin fistan da shi yana narkewa a wajen digiri 660, alhali wutar cikin silinda tana wuce digiri 2,000. Idan kuma fetur ya yi kaɗan ga iskar da ta shigo, zafi ya ƙara tashi, fistan na iya hujewa. Bugu da ƙari, nauyin yana sauka kan sandar da ta haɗa fistan da karankshaf, wadda ke iya lanƙwashewa ko karyewa.

Darasi daga tarihi

A 1928 motar Bentley ta Ingila, mai inji lita 4 da rabi, ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa ba tare da sufacaja ba. A 1929 direban tsere Tim Birkin ya sa aka ɗora wa irin wannan inji sufacaja, duk da rashin amincewar W. O. Bentley, wanda ya ƙera shi. Ƙarfin motar ya tashi daga na doki 110 zuwa 175. Sai dai a tseren 1930, biyun da suka shiga duk injinansu sun lalace kafin a gama, wata Bentley mai babban inji marar sufacaja ta yi nasara.

Yadda injiniyoyi ke magance matsalar

Kamfanin da zai ƙera inji mai sufacaja yakan rage matsin silinda, ya ƙarfafa fistan da sandunansa, ya sa na'urar sanyaya iska kafin ta shiga inji, ya faɗaɗa lagireto, ya kuma tanadi famfon fetur mai wadatarwa. Ana amfani da fetur mai yawan oktan, wanda ke jure matsi. Motocin zamani suna da na'urar da ke jin ƙarar fashewa, ta sanar da kwamfutar inji ta jinkirta wutar fulogi.

Kammalawa

Kowane inji yana da rarar ƙwari da maƙeransa suka bar masa don ya daɗe. Wanda ya ɗora sufacaja bai gyara sauran sassa ba, wannan rara yake cinyewa, musamman a tsohon inji da ya riga ya sha tafiya.

Aikin aji

1. Inji mai lita 1.6 da aka ƙara wa rabin ba, iskar inji mai lita nawa zai haɗiya?
2. Me ya sa haɗarin fashewa ya fi yawa da rana a bazara fiye da asubahin hunturu?