Ku Duba Itatuwan Gidajenku Kafin Hadari Ya Taso

Manoma da sauran masu karatu, ga shi bazara ta kama, hankalin kowa ya koma kan sharar gona da kai taki. Akwai wani aiki guda da akan manta da shi sai ɓarna ta auku, watau duba manyan itatuwan da ke tsaye kusa da ɗakunanmu. Kowace shekara, tsakanin Afrilu da Yuni, sai an ji itace ya faɗa wa ɗaki, ya karya azara, ya rushe katanga, wani lokaci har da hasarar rai. Akan ce iska ce. Gaskiya ne iska ce ta tura, amma galibi itacen ya daɗe da rauni, kuma raunin nan ana ganinsa da ido tun da rani.

Hadarin farkon damina a ƙasarmu daga gabas yakan taso, iska kuwa takan riga ruwa isowa. Ku lura da wannan lissafi: idan gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfin da take tura itace da shi sau 4 yake ninkawa. Saboda haka itacen da ya jure iskar bara ba lalle ne ya jure ta bana ba. Kuma tun da iskar daga gabas take, itacen da ke gabas da ɗakin kwana shi ne abin fara dubawa, don in ya faɗi yamma zai nufa. Lokaci na biyu mai haɗari shi ne marka, cikin Agusta, sa'ad da ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi. A nan ko iska kaɗan tana iya tumɓuke itace da saiwarsa.

Mutane da yawa suna tsammani zurfin saiwar itace daidai yake da tsawonsa. Ba haka ba ne. Yawancin saiwoyin da ke riƙe da itace suna cikin ƙafa 2 zuwa 3 na saman ƙasa, sun bazu ko'ina, har sukan wuce iyakar inuwarsa. Inda akwai marmara kusa da sama ma, ba su da hanyar nutsawa ko kaɗan. To, kun ga duk wanda ya haƙa harsashin gini, ko lambatu, ko salga, ko ramin ɗibar ƙasa kusa da gindin itace, ya datse igiyoyin da suka ɗaure shi ke nan. Itacen ba zai nuna kome ba a shekarar. Ganye zai yi shar, sai bayan shekara uku ko biyar, saiwar da aka sare ta ruɓe, a wayi gari ya kwanta. Haka kuma ƙona shara a gindinsa, da malale shi da siminti har wuya, da sassaƙe ɓawonsa don magani. Maɗaci ya fi kowa shan wannan wahala. Duk wanda ya bi tsofaffin hanyoyin Kano ko Zariya ya ga yadda ake feɗe su. Inda ɓawo ya tashi, nan ruɓa ke shiga, gara ta biyo baya.

Itatuwan ma ba halinsu ɗaya ba. Tsamiya tana da ƙarfin saiwa da taurin jiki, da wuya iska ta kayar da mai lafiya. Gawo yana da saiwa mai zurfi, kuma da damina yake kakkaɓe ganyensa, iska ta ratsa ta wuce. Kuka kuwa jikinta taushi gare shi, ruwa ne cike, idan ta tsufa takan dare ta zube. Turare, wanda asalinsa daga Ostareliya ne, yana da saurin tsawo da sakin reshe ba zato, ban ga dalilin shuka shi a tsakar gida ba. Dalbejiya daga Indiya asalinta, an kawo ta Barno a 1928, yanzu ba garin da babu ita. Ita da mangwaro ganyensu ya yi duhu, suna tare iska kamar bango, don haka suna bukatar rage rassa.

Ga yadda za ka duba. Zagaya gindin tukuna. In ka ga ƙasa ta tsage, ko ta kumbura ta gefe ɗaya, itacen kuwa ya karkata ta ɗaya gefen, wannan ya riga ya fara faɗuwa, kada a kwana ƙarƙashinsa. Itacen da ya tashi a karkace tun yana ƙarami bai kai wanda ya karkata kwanan nan haɗari ba. Laimar kwaɗi a gindi ko a jiki alama ce ta ruɓa a ciki. Ɗauki gatari ka buga jikin da ƙeyarsa. Mai lafiya zai amsa da ƙarfi, mai kogo zai yi ƙara kamar ganga. Ba kowane kogo ne ke sa a sare itace ba, amma in itace mai kyau da ya rage bai kai sulusin abin da ke tsakanin ɓawo da tsakiya ba, ya zama abin tsoro. Sa'an nan ka ja da baya ka ɗaga kai. Busassun rassa a ƙoli sukan nuna saiwa ta sami matsala. Dubi kuma inda manyan rassa biyu suka rabu a matse, ko akwai tsaga ko ruwa na tsattsafowa, don nan ne yakan dare.

In laifin na rassa ne, a rage su yanzu kafin ruwa ya sauka. Kada a sare reshe mai nauyi da sara ɗaya daga sama, zai yage ɓawo ya bar miki. A fara ɗan yanka shi daga ƙasa, kamar ƙafa 1 daga jiki, a ƙarasa daga sama gaba da nan kaɗan, bayan ya faɗi a cire guntun da ya rage. Kada a rage fiye da rubu'in ganyen a shekara ɗaya. Wasu sukan yi wa dalbejiya aski ƙwal su ce sun huta. Ba su huta ba, gama tofon da zai fito a gefen ɓawo kawai yake manne, in ya yi nauyi ya fi na farko saurin ɓallewa. Wanda ya fara wannan aski tilas ya riƙa maimaita shi bayan 'yan shekaru.

In kuwa gindin ne ya lalace, ba magani sai sarewa. A sanar da malamin daji na ƙaramar hukuma tukuna, domin a wurare da yawa ba a sare babban itace sai da izini. A nemo wanda ya san aikin, a ɗaura igiya a sama, a kori yara da dabbobi nesa, kamar tsawon itacen sau 2. Inda rassa suka kusanci wayar lantarki, a kira masu wutar, kada wanda ya hau. Itacen maƙwabci kuma, in magana ta ƙi tsakaninku, a kai wa mai unguwa ya zo ya gani da idonsa, ya fi a jira shari'ar diyya.

Amma fa kada wani ya karanta wannan ya ɗauki gatari ya bi itatuwan gari. Garin da ba itace, iska ba ta da mai tare ta, kwanon rufi take kwashewa. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa ta Nijar, tun 1975 aka fara shuka dalbejiya layi-layi don kare gonakin gero daga iska, kuma ta yi amfani. Abin lura shi ne tazara. Dalbejiya takan kai ƙafa 50, rimi yakan wuce 100, saboda haka a ba babban itace nisa daga ɗakin kwana gwargwadon tsawon da zai kai in ya girma. Kusa da ɗaki a sa gwaiba, lemo, rumman ko zogale. In za ka dasa na cikin leda, yage ledar, ka yanke saiwar da ta naɗe a ƙasa, don wadda ta girma a naɗe ba ta riƙe itace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a bar masa kai ɗaya, a cire na biyun da wuƙa tun bai kai kaurin yatsa ba.

Wanda ruwa ya riske shi bai gama aikin nan ba, da ya ga gabas ta yi baƙi ya fitar da iyali daga ɗakin da ke ƙarƙashin itacen da ake shakka, ya sake wa dabbobi turke. Wanda hadari ya tarar a gona kuma kada ya fake gindin dogon itace da ke tsaye shi kaɗai, saboda tsawa.