Yadda ake farautar ciwon cunkushewar ayaba

Tun da aka gano ciwon nan a Jihar Ogun a 2012, shekara guda bayan ɓullarsa a Jamhuriyar Benin, malaman gona na yankin Idiroko ba sa wuce gonar ayaba ko agada ba su leƙa ba. Ƙwayar bairos ce, ba ta da magani, kuma tushen da ya kamu tun yana ƙarami ba zai taɓa fitar da nono ba.

Da safe ake shiga. Kafin a taɓa ganye sai an tambayi mai gona: “Baba, ina aka samo 'ya'yan da aka dasa?” Sau da yawa maƙwabci ne ya ba shi kyauta, ciwon kuwa a cikinsu yake tafiya.

Tushen da ciwon ya ci ƙarfinsa ko yaro ya gane shi: ya tsumbure, ganyen sun sirance sun miƙe cak, sun cunkushe a ka kamar tsintsiya. Gwaninta tana wajen wanda ya kamu amma bai gama nunawa ba. Sabon ganye ake kamowa, a juya bayansa, a ɗaga shi saitin rana. Ana neman ɗigo-ɗigo da gajerun zane masu duhun kore a kan jijiyoyi, waɗanda ke lanƙwashewa in sun iso babbar jijiyar tsakiya. A mariƙin ganyen kuma sai an goge farin garin da ke kansa da babban yatsa kafin zanen ya fito. Sabon shiga yakan ga rawaya a gefe ya yanke hukunci, alhali yunwar taki ma tana kawo hakan. Na ga tsohon hannu ya daɗe a kan ganye ɗaya bai ce uffan ba, kuma wannan haƙurin nake girmamawa.

Sai a ɓare ɓawon gindi a nemi darɓar ayaba, baƙin ƙwaron da ke yaɗa ciwon. Tururuwar da ke taruwa inda take ce ke tona asirinta.

Ido ba ya yanke shari'a shi kaɗai. Akan yanki ganyen, a sa a leda da sunan ƙauye, a kai ɗakin gwajin cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan a yi masa gwajin PCR.

In ya tabbata, kada a yi gaggawar sara. A fara feshe darɓar, don in aka girgiza tushen masu fiffike za su watsu. Bayan nan a tumɓuke shi da uwa da 'ya'ya, a daddatsa a binne.