Dutse Ma Yana Rarrafe

 Darasinmu na wannan makon a kan dutse ne.

Kowa ya ɗauka dutse ba ya motsi. Amma idan nauyi ya daɗe a kansa yakan lanƙwashe ko ya riƙa zamewa a hankali, kamar yadda azara ke lanƙwasa bayan ta shekara da shekaru tana ɗauke da rufin soro. Da Hausa sai mu kira wannan rarrafen dutse. Gishirin da ake haƙowa a ƙarƙashin ƙasa yana yinsa sosai, haka ma dutsen da ke da laka a tsakaninsa, balle in ruwa ya shige shi.

Rarrafen hawa uku ne. Da farko yakan fara da ɗan sauri, sai ya lafa. Daga nan ya riƙa tafiya ba ƙari ba ragi, wani lokaci har tsawon shekaru. Hawa na uku shi ne abin tsoro, domin saurin yana ta ƙaruwa har dutsen ya ɓalle.

Haka ta faru a ƙasar Italiya. An gina madatsar ruwa ta Vajont a gindin wani tsauni mai suna Toc. Da ruwa ya taru, sai gefen tsaunin ya fara rarrafe. Injiniyoyi suna ta aunawa, har ya kai kusan santimita 20 a rana. A daren 9 ga Oktoba, 1963, gefen tsaunin ya rufto cikin tafkin. Ruwa ya tsallake madatsar ya share garin Longarone, mutane kusan 2,000 suka mutu. Ita kuwa madatsar tana nan tsaye har yau.

To, ana iya sanin ranar tun kafin ta zo? Masu cewa lissafi ba shi da amfani, ku tsaya a nan. A 1985 wani masani ɗan Japan, Fukuzono, ya nuna wata dabara: a auna saurin dutsen kullum, a raba 1 da wannan saurin. A ce ranar Litinin ya yi santimita 2. 1 ÷ 2 ya ba da 0.5. Talata ya yi 2.5, ya ba da 0.4. Laraba aka samu 0.3. Kun ga kullum 0.1 ke raguwa. Ke nan Alhamis 0.2, Juma'a 0.1, Asabar sifili. Ranar sifilin nan ita ce ranar da ake sa ran ɓallewa. Ba lallai ta zo daidai ba, don ruwan sama mai yawa yana iya gaggauta abin. Duk da haka, a ganina gara a kwashe mutane tun ranar Alhamis.

Aune-aune irin wannan sun ceci rayuka a Amurka. A ramin haƙar tagulla na Bingham Canyon, na'urori sun nuna bangon ramin yana ƙara sauri, aka fitar da ma'aikata. Ranar 10 ga Afrilu, 2013, bangon ya rufta, kuma ba wanda ya mutu.

Ga tambaya: a misalinmu, santimita nawa dutsen zai yi ranar Juma'a? Ku rubuta amsa da sunan ajinku, ku miƙa wa 'yan ƙungiyarmu kafin a tashi.