Tankin mota ma yana numfashi, ɗana

Ɗana, Allah ya sa albarka a wannan mota da ka saya. Na yi murna ƙwarai. Tsohuwa ce, amma irinta ce ta san jigawar ƙasarmu. Toyota ta fara ƙera wannan samfurin Land Cruiser a 1960, ba ta daina ba sai 1984, ka ga kenan ta girme ka nesa ba kusa ba. Mu da muka yi ƙuruciya muna bin hanyar Yekuwa zuwa Magarya, da ta Dungas zuwa kasuwar Maigatari, mun san darajarta. Inda ƙaramar mota ke kafewa a rairayi, ita takan wuce da buhunan gyaɗa da wake a bayanta.

Ran da ka ɗauke ni, tun kafin mu fita gari na ji warin fetur a cikin mota. Ban ce komai ba, don akwai mutane. Da muka tsaya na leƙa ƙarƙashin kujera, sai na ga wani siririn tiyo da ya fito daga saman tanki. An lanƙwasa bakinsa, an ɗaure da waya. Jikinsa kuma duk ya tsattsage. Na san ba kai ka yi ba, haka ka same ta. Wanda ya yi ma ba mugunta ya nufa ba, mai ya ga yana ɗiga, ya so ya tsayar. Sai dai ya toshe wa tanki hanci.

Fetur ba kamar ruwa ba ne. Tun zafi bai kai digiri 40 ba, mafi sauƙin abin da ke cikinsa ya fara tashi ya zama tururi. Ka san kuwa yadda bazara take a ƙasar Damagaram, a watan Afrilu da Mayu zafi kan haura 40 ko a inuwa. Man kuma yana kumbura. Ka cika lita 60 da sanyin safiya, ka ajiye mota a rana, idan man ya ƙara digiri 15 ya ƙaru da abin da ya kusa lita guda. Ina zai je? Dole ya nemi hanya. In ka ba shi hanya mai kyau, ya bi. In ka hana shi, ya fasa tasa, ta bakin murfi ko ta tsagewar tiyo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma ɗaya gefen. Yayin da famfo ke jan mai zuwa kafireta, dole iska ta shiga tanki ta cike gurbinsa. In babu hanyar iska, sai ka yi tafiya mai ɗan nisa lafiya lau, can injin ya fara shaƙewa, ya mutu. Ka buɗe murfi ka ji ya ja iska, fuuu. Ka tayar, ta tashi kamar ba abin da ya faru. Mutane da yawa sun sayi sabon famfo da fulogi a kan wannan, alhali ciwon yana hanci.

Ni ma motata ta taɓa yi mini haka, da damina, a tsakiyar daji, da fasinja har da mai jego. Muka kwance kafireta, muka wanke, muka mayar. A banza. Sai da yaron motata ya cire tiyon numfashi ya hura, ya ji a toshe. Ashe zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a baki, kwanakin da motar ta yi a ajiye. Da tsinke muka fitar da shi. Tun daga ranar ba na tayar da motar da ta kwana biyu a tsaye sai na duba wannan wuri.

To ga yadda za ka yi, kuma ka yi shi da hannunka ko a gabanka.

Tiyon ya tashi daga can saman tanki, ya hau sama. Ya hau har ya wuce tsayin bakin da ake zuba mai, sannan ya lanƙwaso ya sauko, bakinsa yana kallon ƙasa. Dalilin hawan shi ne, idan mota ta karkata a gefen jigawa, ko tana tsalle a gargada, mai zai biyo tiyon, amma ba zai iya haye tudun ba, sai ya koma gida. Kada ka bar masa kwari a tsakiya, wato ya sauka ya sake hawa. Nan mai zai kwanta ya toshe hanya. Bakin kuma ya kasance a wajen mota, inda iska ke kaɗawa. Ka sa masa ƙaramar matatar mai irin ta babur, ta tare ƙurar hunturu da zanzaro gaba ɗaya. Kada ya sauko ƙasa sosai, don da damina za ka ratsa ruwa.

A kan maganar waje ina so in ɗan tsaya, don ita ta fi damuna. A yawancin tsofaffin nan, har da gajeruwar Land Rover, tanki yana ƙarƙashin kujerar gaba. Mutum a kansa yake zaune. Tururin fetur kuwa ya fi iska nauyi sau uku ko huɗu. Ba ya tashi sama ya tafi kamar hayaƙin murhu. Kwanciya yake yi a ƙasa, wajen ƙafafunku, ya taru shiru. Kashi biyu cikin ɗari a iska ya isa ya kama. Tartsatsin waya ɗaya, ko ashanar wani fasinja, shi ke nan. Ka tuna Majiya, can jihar Jigawa, a Oktoban 2024, da tankar mai ta faɗi mutane suka taru ɗiba. Fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Ba don in tsorata ka na kawo ba. Kana ɗaukar matan mutane da ƴaƴansu, amana ce a wuyanka. Ko wuta ba ta tashi ba, shaƙarsa yini guda na kawo ciwon kai da jiri, direba kuwa idonsa da hankalinsa ne jarinsa.

Ka nisanta tiyon da salansa, aƙalla taƙi guda, ka nisanta shi da batir. Ka bi da shi ta jikin shasi, kana ɗaurewa a kai a kai don kada ya riƙa lilo. Inda zai ratsa hujin ƙarfe, ka naɗa masa roba, domin girgizar hanyarmu kan sa ƙarfe ya yanke shi a hankali ba ka sani ba.

Kada ka sayi farin tiyon nan da magina ke auna gini da shi. Na san ya fi araha, kuma shi ne a kusa. Fetur da rana kan busar da shi, ya yi tauri ya karye. Araha ba ta ado. Ka nemi baƙin tiyon mai na ainihi a wurin masu kayan mota, a Magarya ko Damagaram, za ka ga rubutu a jikinsa. Ka matse bakinsa da maɗaurin ƙarfe mai ƙusa, ba da waya ba.

Wataƙila ka tarar da wani gwangwani kusa da injin, da tiyo biyu ko uku. Kada ka yar. Gawayi ne a ciki. Amurka ce ta wajabta shi a motocinta tun wajen 1971. Yana riƙe tururi idan mota na tsaye, in an tayar injin ya zuƙe ya ƙone. Tiyon tanki ya shiga bakinsa, na injin ya shiga nasa, na ƙasa a bar shi ya sha iska. Abin da ba na so shi ne wani ya haɗa maka tanki kai tsaye da mazuƙar injin. Zai jawo ɗanyen mai, har tankin ya lotsa. In motarka ba ta da gwangwanin, ba laifi, abin da na faɗa maka ya wadatar.

Mai kuma yanzu ba abin wasa ba ne. Matatar man fetur ta SORAZ na nan tun 2011, amma mu na bakin iyaka mun saba da kwalbar ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da mai a bakin hanya. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023, ka ga yadda lissafi ya sauya. Duk warin da ka ji, kuɗinka ne ke bin iska. In za a zuba maka na kwalba, ka tace da ƙyalle mai tsabta, kuma kada ka cika har baki, ka bar masa wurin kumbura.

Ranar aikin, ka fito da ita fili da sassafe, injin na sanyi. Ka cire kan batir tukuna. Kada kowa ya matso da taba ko garwashin shayi. In ka ga tankin ya huje, kada ka yarda a kai masa wutar walda don an ce babu mai a ciki, wanda ba mai ɗin ya fi haɗari, tururi ne fal. Ka kawo ta gida ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mu auna tsawon tiyon tare, in ya so Asabar da safe mu ɗaura. Ka gaida mahaifiyarka.