Amsar Tambaya: Faten Masarar Amurka a Tukunyar Lantarki

Tambaya: Ina aure a Amurka. Duk sanda na yi faten masararsu a Crock-Pot sai madarar ta tsinke. Ina matsalar take?

Amsa: 'Yar'uwa, kin yi saurin zuba madara ne. Madara ba ta jure doguwar dahuwa. Fara da masara mai zaƙi, dankalin turawa, albasa da romon kaza, ki bar su a ƙaramar wuta awa 6 zuwa 8. Romon ya ɗan rufe kayan kawai, don wannan tukunya ba ta ƙone ruwa. Idan ɗanyar masara kika kankare, jefa totuwar a ciki, ki tsame daga baya. Akwai garɗi a jikinta.

Da dankalin ya yi laushi, farfasa kaɗan da ludayi don kauri. Sai ki zuba madara mai ɗumi, minti 30 kafin saukewa. Mai cikakken maiƙo ta fi, wadda aka yaɗe wa mai saurin tsinkewa gare ta.

Mutanen yankin Niyu Ingila na Amurka da naman alade suke yin faten, ke ki sa ƙyafaffen talotalo. Kuma ki daina ɗaga murfi kina leƙe, zafi kike zubarwa.