Darasi: Nas Mai Kula da Lafiyar Ma'aikata da Muhallinsu

Da an ce nas, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne awon ciki da allurar rigakafi. To akwai wani reshe na jinya da mata ba su faye saninsa ba, wato nas mai kula da lafiyar mutane a wurin sana'arsu. Abin da take fara tambaya shi ne, "Wane aiki kake yi? Me kake taɓawa, me kake shaƙa?"

Aikin ba sabo ba ne. A 1878 kamfanin Colman da ke garin Norwich a Ingila ya ɗauki wata nas mai suna Philippa Flowerday. Da safe tana ɗakin shan magani na masana'antar, da yamma kuma ta bi gidajen ma'aikatan da ke kwance. A yau irin wannan nas ita ce ke duba lafiyar sabon ma'aikaci, ta auna jin masu aiki kusa da inji mai ƙara, ta kula da ƙirjin masu shaƙar ƙurar siminti ko auduga. Kowane rauni kuma sai ta rubuta shi. Wannan rubutu da ake rainawa, ni a ganina, shi ne ƙashin bayan aikin, domin in mutum uku daga sashe guda suka zo da tari iri ɗaya, ta san sashen za a je a duba.

To ina ruwan matar aure da wannan? Ku tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010. A ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, maza na haƙo duwatsun zinare su kawo gida, ana daka su a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. Ashe duwatsun cike suke da dalma. Yara suka riƙa amai da ciwon ciki da shiɗewa, ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne, ana ba da magani ba sauƙi. Sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka sa aka gwada jini kafin a gano gubar dalma ce. Yara kimanin 400 suka rasu.

Ma'aikatan jinya ne suka riƙa ɗibar jinin yara, suna ba su maganin da ke fitar da dalma ta fitsari, suna zama da iyaye mata suna yi musu bayani. Amma fa maganin bai wadatar ba in yaro zai koma gidan da ƙasarsa ke da guba, dole sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. Bagega ba ta samu wannan aiki ba sai 2013. A 2015 kuma abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Ba sai a ƙauyen zinare ba. Mai gyaran batirin mota na dawowa da ƙurar dalma a jikin rigarsa, mai feshin gona kuma da maganin ƙwari. Dalma tana kwanciya a ƙashi shekara da shekaru, tana kuma kaiwa ga ɗan da ke ciki. Don haka kayan aikin maigida a wanke su daban, kada a haɗa da na yara, kuma ya yi wanka ya canja kaya kafin ya ɗauki jariri. Ranar awo ko ranar da kika kai yaro asibiti, ko nas ba ta tambaya ba, ki faɗa mata sana'ar maigida da wadda ake yi a cikin gidanku, ko rini ne ko haɗa sabulu da soda.