Yadda Ake Saita Kulocin Babur Don Ya Tashi Daga Tsaye Ba Fizga

A Garwa babur ne ƙafar jama'a. Ɗan acaɓan da ya wuni yana zirga-zirga tsakanin babbar kasuwa, Yelwa, Rumde Ajiya da bakin gadar Binuwai ba zai iya ƙirga sau nawa ya tsaya ya sake tashi ba. Ranar Lahadi kuwa, in ya nufi kasuwar Pitowa, ga fasinja ga buhu. Duk wannan tsayawa da tashi a kan kuloci yake ƙarewa, wanda masu jin Faransanci ke kira ambirayaj. Yawancin kulocin da na ga ya ƙone, ba tsufa ne ya kashe shi ba, rashin saiti ne na minti biyar.

Fara da gane ciwon. Iri biyu ne. Idan ka murɗa totur a babbar giya, injin ya yi ta ƙara amma gudun bai ƙaru ba, kulocin yana zamewa. Idan kuma ka danne hannun kuloci har ƙarshe, ka sa giya ɗaya, babur ya yi tsalle ko ya riƙa jan jiki gaba, firi kuma ta yi wuyar samu, to ba ya saki sosai. Na farko yawanci waya ce ta yi tsauri, na biyu ta yi sako-sako.

Sai ka auna wasan hannun. Kafe babur a tsayuwar tsakiya, ka taɓa hannun kuloci da yatsa ɗaya, a hankali. Akwai ɗan motsin da yake yi kafin ka ji nauyi. Wannan shi ne wasan. A yawancin baburanmu irin su Boxer, TVS da Haojue, milimita 10 zuwa 20 ne a bakin hannun, kusan faɗin ɗan yatsa. Wanda ke da littafin babur ɗinsa ya bi abin da ke ciki.

A nan nake so ka tsaya ka fahimta, domin a nan ake asara. Matasa da yawa suna ɗaure wayar tam, wai don kuloci ya kama da wuri, babur ya tashi kamar kibiya. Waya mai tsauri tana ɗan ɗage farantan ciki ko da ba ka taɓa hannun ba, sai su riƙa goga juna duk tsawon tafiya. Gogayya ta kawo zafi, a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40. Kuma yayin da farantan ke cinyewa, wasan raguwa yake yi da kansa. Shi ya sa saitin watan jiya ba zai ishe ka yau ba.

Gyaran kansa ba wuya. A gindin hannun, janye robar da ta rufe wayar, ka sassauta notin kulli. Murɗa notin saiti ciki, wasa ya ƙaru. Murɗa waje, ya ragu. In ya ƙure bai isa ba, mayar da shi ciki, ka sauka wajen injin ta dama inda wayar ta ƙare, ka saita da notoci biyun da ke wurin, sannan ka dawo sama ka daidaita. Kulle duka. Daga nan juya kan babur dama da hagu har ƙarshe. In wasan ya canza, wayar ta maƙale a wani wuri, a sake mata hanya.

Tunda hannunka na kan wayar, cire ta daga sama ka ɗiga mata mai har ya fito ta ƙasa. Ƙurar hunturu da ruwan damina duk shiga suke. In ka ga ko zare ɗaya ya tsinke, canza ta yau, kada ta yanke maka a hanyar Gashiga.

Yanzu baƙin mai. Kulocin waɗannan babura a cikin man injin yake wanka, don haka kowane mai ka zuba, shi ma ya sha. Nemi na babur, mai lamba 20W-50 ko wadda littafi ya ce, wanda aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikin gorarsa. Wasu mayukan mota suna da sinadarin ƙara santsi, yana sa faranti zamewa. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba ka san asalinsa ba, ni dai ba na ba da shawararsa ko kyauta ne. Ka yi juye a kan kari, kada ka jira ya koma kamar kwalta.

In ka saita waya, ka canza mai, har yanzu yana zamewa, faranti sun ƙare. Tsiyaye mai, cire kik, buɗe murfin dama. Sassauta notocin sifirin kaɗan-kaɗan, wannan da na daura da shi. Lura da jerin farantan kafin ka fitar: mai ɓawo, na ƙarfe, mai ɓawo. Na ƙarfen da ya yi shuɗi ya sha wuta. Ɗora shi a kan gilashi, in yana rawa ya lanƙwashe, ya tashi daga aiki. Sababbin farantai a jiƙa su cikin baƙin mai, in da hali su kwana, domin busasshe na iya ƙonewa tun tashin farko. Canza sifirin gaba ɗaya, sa sabon fakin. Wasu injinan suna buƙatar makulli na musamman kafin a kai ga kulocin. In ba ka da shi, kai wa makanike, kada ka sa guduma da kurfi.

Saura tashin. Bari injin ya ɗumama, silo ya zauna wajen juyi 1,400 a minti. Giya ɗaya, kullum giya ɗaya, ko da babu kaya. Saki hannun a hankali har ka ji bayan babur ya ɗan nutse, ƙara totur kaɗan, da ƙafafun sun juya ka saki gaba ɗaya, ka ɗauke yatsunka. A hawa, taka birkin baya ne zai riƙe ka, ba rabin kuloci ba. In jira ya yi tsawo a mahaɗa, sa firi.

Ɗan'uwa, gobe da safe kafin ka buga kik, sa yatsa ɗaya a hannun kulocin ka ji ko wasan yana nan.